Wa Ke da Fili, Tauraro ko Koci?

Ɗan Mil 12 (Asabar, 9:40 na dare)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗazu a gidan kallo na bayan kasuwa gardama ta yi zafi har mai gidan ya kashe janareta ya ce kowa ya kama gabansa. Maganar ɗaya ce: babban ɗan wasa mai ji da kansa zai iya zama a hannun koci mai tsauri? Ni dai abin da Ten Hag, kocin Manchester United na lokacin, ya yi wa Ronaldo a 2022 har yau yana ci mini rai. Na kawo ta nan mu yi ta da waƙa. Ƙwar huɗu ce, babban amsa-amo "ba". Ga fili ga mai doki.

Da sunan Allah nake farawa,
Batun tamaula nake kawowa,
Mazauna Ikko ku zo amsawa,
Wanda ya tsorata bai zo nan ba.

Ronaldo zaki ne gun farauta,
Ten Hag ya ce masa je ka huta,
A benci, wai shi ne mai sarauta,
Ai zaki bai san takunkumi ba.

Kofin Zakaru biyar ya ɗauka,
Sunansa har ƙauyuka ya sauka,
Kai koci, me ka ci a zamaninka?
Ba ka kai ƙurar takalminsa ba.

An sallami gwarzo cikin Nuwamba,
Aka ce gyara ne za a duba,
Shi ma kocin an kore shi Oktoba,
Shekara biyu ma ba ta cika ba.

Mahaucin Oko-Oba (9:58)

Wa alaikumus salam. Mai tumatir, yau ka kawo wuyanka da kanka.

Mai tumatir, zo in tambaye ka,
Guda ya ruɓe cikin kwandonka,
Don ya fi girma a idanunka,
Sai ka bar shi, ba ka tsame shi ba?

Ranar Tottenham an ce ya tashi,
Ya shiga fili, ya ƙi, ya bar shi,
Ya nufi ɗaki yana ta fushi,
Wannan ba aikin jarumi ba.

Aubameyang ya yi mana latti,
Arteta ya ce masa ga tikiti,
Ya karɓe kambunsa cikin minti,
Arsenal kuma ba ta rushe ba.

Hajiyar Obalende (10:21)

Sai yanzu na sauke tukunyar ƙarshe na sallami masu cin dare. Mahauci, kai komai ka gani wuƙa. An ƙwace wa Aubameyang kyaftin a Disambar 2021, na ji. To bayan nan me kuka ɗauka? Na biyu a 2023, na biyu a 2024, na biyu a 2025.

Mahauci, komai a gunka yanka,
Ka saba sa na ganin wuƙarka,
Arteta ya kori kyaftin ɗinka,
Na biyu sau uku, kofi bai zo ba.

Carlo Ancelotti ba ya tsawa,
Gira guda ce yake ɗagawa,
Manya su bi shi babu musawa,
Kofi biyar, ba a kamo shi ba.

Zidane ya zo da taushin baki,
Ronaldo, Ramos, duk a ɗaki,
Uku a jere, abin mamaki,
Bai zare wa kowa idanu ba.

Ku tambayi mai girki kan wuta,
Shinkafa ce ke koya mata,
In ta yi yawa sai ta babbake ta,
Ƙasa ƙanzo, sama bai nuna ba.

Ɗan Mil 12 (10:24)

Allah ya ja zamanin Hajiya! Baitin ƙanzon nan shi kaɗai ya fi duk abin da aka yanka a Oko-Oba yau. Gobe kwandon attarugu yana hanya.

Mahaucin Oko-Oba (10:26)

Ba baitin kake yabo ba, don ta ambaci Ronaldo ne. Da Messi ta sa a ɗakin nan da ka ce shinkafar ba ta dahu ba.

Autan Alaba (10:33)

Tun da an ambaci Messi bari in gwada nawa, yau ne farko.

Ni dai Messi nake so a raina,
Shi ba ya faɗa da kowa a ganina,
Ko an cire shi ko an bar shi duk ɗaya ne a gunsa yayana,
Shi ya sa ya fi Ronaldo daraja.

Malam na Idi-Araba (10:47)

Auta, sannu da ƙoƙari, amma ba zan gani in yi shiru ba. Mai buɗe fili ya kafa amsa-amo "ba", kai ka rufe da "ja". Baitinsa na farko gaɓa goma goma ne, ɗangonka na uku gaɓa goma sha tara. Wannan ba ɗango ba ne, wasiƙa ce. Kai ma Mahauci ban ƙyale ka ba: latti, tikiti, minti, aro uku a jere ka gina amsa-amon ciki da su.

Auta, waƙa awo gare ta,
Kamar mudu ne, a daidaita ta,
Ɗangonka na uku ya fi ƙarfinta,
Kuma ƙarshenka bai zo da "ba" ba.

Mahaucin Oko-Oba (10:50)

Allah gafarta Malam, haka muke faɗa a mayanka kuma kowa na ganewa. Ba ni Hausar minti yanzu in canza.

Ɗalibar Akoka (11:02)

Baba Malam, da girmamawa. Na ƙirga naka baitin da yatsa: tara, goma, sha ɗaya, goma. In ƙirgen gaɓa ne shari'a, kai ma alƙali ya kama ka. Kuma aruli, ilimin awon waƙa, ba ƙirge kaɗai ba ne, nauyin gaɓa ake aunawa, mai nauyi da marar nauyi. Malaman Hausa sun daɗe suna ja-in-ja kan ko duk rubutacciyar waƙarmu karin Larabci take bi, ko wata kiɗan gida take bi. Yaro ya zo ranarsa ta farko, ka tare shi a ƙofa.

Malam ya zo da sanda da mudu,
Ya sa ƙaramin cikinmu ya gudu,
Haka ake tarbar baƙo a Kudu?
Naka awon ma bai daidaita ba.

Malam na Idi-Araba (11:15)

'Yata, kin yi karatu amma kin tsaya a rabin shafi. Gaɓa biyu marasa nauyi sukan zauna a gurbin mai nauyi guda, shi ya sa tara da sha ɗaya ke iya tafiya tare in an rera. Rera nawa ki ji, ba ya tuntuɓe. Goma sha tara kuwa babu zihafin, wato sassaucin awo, da zai ɗauke ta. In aka bar kowa ya zuba abin da ya ga dama, gobe ba waƙa za mu tarar a nan ba.

Ɗalibar Akoka (11:18)

To a rera "Aubameyang" da "Tottenham" a gaya mini baharin, wato karin waƙar, da suka hau. Kowa a nan yana lanƙwasa kalma ta shiga. An yi wa manya uzuri, an hana Auta.

Malam na Idi-Araba (11:20)

Lanƙwasa kalma daban, karya ƙashin bayan baiti daban.

Hajiyar Obalende (11:21)

'Yata ta gama magana. Malam, ka bar yaro ya sha iska.

Mahaucin Oko-Oba (11:22)

Duk da ya taɓa ni, ina bayan Malam. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ɗan Mil 12 (11:25)

Jama'a, ƙwallo na kawo, kun mayar mini da fili aji. A dawo kan magana don Allah.

Ɗalibar Akoka (11:31)

Yaya, ai ba mu bar maganar ba. Ga koci mai tsauri nan a gabanmu, ga ɗan wasan da ya ajiye a benci. Auta ya yi tsit tun 10:33.

Malam na Idi-Araba (11:44)

Na karɓi sunan, ban ƙi ba. Tsauri ba ƙiyayya ba ne. Alex Ferguson ya riƙe Manchester United daga 1986 zuwa 2013. A 2003 ya shuri takalmi a ɗakin sauya kaya ya sami Beckham a saman ido, kafin shekarar ta ƙare Beckham yana Madrid. A 2005 Roy Keane, kyaftin guda, ya bi ƙofa. Ƙungiya ta ci gaba da cin kofi.

Ferguson dattijo mai zafi,
Sha uku ya jera na kofi,
Beckham da Keane duk sun yi ƙarfi,
Ya buɗe ƙofa, bai waiwaya ba.

Ɗalibar Akoka (11:57)

To Cantona fa, ko ka manta?
Ya shuri ɗan kallo, an hukunta,
Wata takwas ƙwallo ya huta,
Dattijon naka bai kore shi ba.

Janairun 1995 ne, a filin Crystal Palace. Duniya ta ce a kore shi, Ferguson ya rungume shi. Ya dawo, a 1996 suka ci Firimiya da kofin FA, kuma Cantona ne ya zura wa Liverpool ƙwallon da ta kawo kofin. Ashe dattijon ya san wanda zai lanƙwasa wa doka da wanda zai nuna wa ƙofa. Beckham da Keane ya ga zai iya rayuwa babu su, Cantona a lokacin bai ga haka ba. Baba Malam, sandarka ɗaya ce ga kowa, tasa ba haka take ba.

Direban Apapa (Lahadi, 2:15 na dare)

Ku yafe ni, kwana biyu ina layin shiga tashar jiragen ruwa, caji ya mutu. Na tarar da saƙo ya taru kamar kwantena. Rigimar awo ba tawa ba ce. Hajiya nake nema, tun baitin shinkafa.

Hajiya, tuƙi daban da miya,
Sitiyari ɗaya ne kan hanya,
Rami ne ƙarshen tafiya,
In yaron mota ya ja da direba.

Paris ta tara manya uku,
Messi, Neymar, Mbappe naku,
Kuɗi sun tafi, ina kofinku?
Na Zakarun Turai bai zo ba.

Suka watse, Enrique ya zauna,
Kowa ya yi gudu dare da rana,
Inter ta sha biyar, an nuna,
Ba ta rama ko da guda ba.

Wasan ƙarshe na Kofin Zakaru a Munich ke nan, 2025. Kuma ku tuna Luis Enrique ya bar Dembele a gida ranar da za su je Arsenal a Oktoban 2024 saboda ladabi. Yaron ya sunkuyar da kai, shekara na zagayowa ya ɗauki Ballon d'Or. Haka Eto'o, Mourinho ya tura shi gefe a Inter yana komowa tsaron baya kamar ɗan koyo, suka ci kofi uku a 2010.

Hajiyar Obalende (6:05 na safe)

Direba ka kwana biyu a layi,
Ka zo da tuwon da ya yi sanyi,
Dembele da Eto'o, me suka yi?
Ba taurarin ne suka ci ba?

Ka ɗauko mini hujja da motarka, na gode. Eto'o ɗin nan yana Barcelona shi ya fara zura wa United ƙwallo a wasan ƙarshe na Kofin Zakaru na 2009, Guardiola ya sallame shi a bazarar nan ya ɗauko Ibrahimovic, shi ma shekara ɗaya suka rabu baram-baram. Mutum ɗaya, wani koci ya kasa zama da shi, wani ya sa shi gudu kamar doki. To laifin girman kai ne ko laifin hannun da ya riƙe linzami?

Direban Apapa (6:40)

Guardiola ya ci Kofin Zakaru a 2011 babu su duka biyun. An kira lambata, zan dawo.

Kocin Yara Agege (8:30)

Salamu alaikum. Tun jiya nake karantawa ban sa baki ba, don ku kuna maganar Turai ne, ni abin yana cikin gidana. Bari in fara da namu.

Ku dawo gida mu tuna Keshi,
Ya ajiye manya, aka zage shi,
Sunday Mba na gida, ya ɗauko shi,
Ya ci Burkina, ba ta farke ba.

Oliseh shi ma ya zo da zafi,
Enyeama ya cire safa ya tafi,
Tsauri iri ɗaya, amma kofi
Gun Keshi ya je, bai zo nan ba.

Marigayi Keshi, kocin Super Eagles na lokacin, ya tafi Afirka ta Kudu a 2013 babu Odemwingie, babu Obafemi Martins, ya dawo da kofin nahiya. Oliseh da ya zama koci a 2015 ya ba Ahmed Musa kyaftin, Enyeama ya bar Super Eagles, shi kansa Oliseh bai cika shekara ba ya ajiye aiki. Shi ya sa na kasa tsayawa gefe ɗaya.

Ga tawa. Ina horar da yara 'yan ƙasa da sha bakwai a wani filin makaranta nan Agege. Akwai yaro ɗaya, ɗan gaba, ban taɓa riƙe mai ƙafar hagu irin tasa ba. Sau uku a jere bai zo atisayen asuba ba, ranar da ya zo kuma ya ce wa mai tsaron gidanmu in ba don shi ba wa ya san da su. Makon jiya na ajiye shi a benci a gasar unguwa. Aka ci mu biyu da nema. Kawunsa ya tare ni a bakin masallaci ya ce ina baƙin ciki da arzikin yaro. Sauran yaran kuwa sun zuba mini ido su ga ko doka ta kowa ce. Asabar mai zuwa in muka faɗi mun fita daga gasar. Kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Ɗan Mil 12 (8:52)

Koci, Allah ya ba ka mafita. Amma ka ji ni. Osimhen a Olusosun ya tashi, nan kusa da Ojota, ba nisa da kasuwarmu. Kowa ya san zafin ransa, kowa ya ga abin da ya faɗa wa Finidi, kocin Super Eagles na lokacin, a 2024. Da wannan zafin ya ci ƙwallo 26 ya kai Napoli ga kofin gasar Serie A ta Italiya a 2023.

Koci, tuna da Osimhen namu,
Ya sai da ruwa a titin garinmu,
Zafin ransa ne ya kai shi ga samu,
Kar ka kashe wutar da ba ka hura ba.

Mahaucin Oko-Oba (9:04)

Conte ya ware shi daga tsarinsa,
Napoli ta ci kofi a bayansa,
Yaronka, Koci, ka bar shi da kansa,
Kar ya taɓa ƙwallo in bai tuba ba.

Hajiyar Obalende (9:16)

Mahauci, kar ka cuci Osimhen. Rigimar ciniki ce ta raba shi da Napoli, yana son tafiya, kasuwa ta rufe, ya tafi aro Galatasaray, can ma ya ci kofi a 2025. Koci ƙanena, bar waɗannan biyun, ɗaya na son a saki, ɗaya na son a yanka. Ka je gidansu ka zauna da mahaifiyarsa. Ka san abin da ke hana shi fitowa da asuba? Wataƙila dako yake yi kafin gari ya waye.

Kocin Yara Agege (9:35)

Na je, Yaya Hajiya. Da ma dako ne da na yafe tun tuni. Ba shi ba ne. Wani mutum mai jaka ya gan shi a wasa ya ce zai kai shi Turai in an haɗa kuɗin biza, tun ranar yaron ya daina jin maganar kowa. Yana kwana a gidan kallo, ya ce atisayena na yara ne. Na ga irin waɗannan masu jakar sun cinye kuɗin iyaye sun ɓace. In na kore shi na miƙa musu shi. In na sa shi ranar Asabar na gaya wa yara ashirin cewa mai zuwa da asuba wawa ne.

Malam na Idi-Araba (10:10)

Ka gaya masa sharaɗinka a gaban sauran yaran, da bakinka, sau ɗaya. Kar ka aika, kar ka maimaita. Kawun kuma ka bar mini shi, in kun yarda zan zo Agege bayan La'asar mu zauna.

Autan Alaba (11:48)

Ban gudu ba, shago na buɗe.

Malam na dawo da sabon awo,
Na ƙirga gaɓa kafin in kawo,
Kofin duniya Messi ya jawo,
Ronaldon Yaya bai taɓa shi ba.

Malam na Idi-Araba (11:55)

Goma, goma, goma, goma, kuma ka sauka a kan "ba". Madalla Auta. 'Yata, kin ga amfanin sanda.

Ɗalibar Akoka (11:57)

Ya dawo ne don an tsaya masa, Baba Malam. Da kowa ya yi shiru jiya da ba ka sake ganinsa ba.

Ɗan Mil 12 (12:09)

Ashe gyara shi kuka yi don ya sare ni.

Auta, jiya ka koyi tsayawa,
Yau ni ne za ka fara turewa?
Faransa a gidanta ta sha mamewa,
Kofin Turai na 2016 ba ka gani ba?

Malam na Idi-Araba (12:12)

Ɗangon ƙarshen nan ya fi na Auta na jiya tsawo in an karanta shekarar da baki.

Mahaucin Oko-Oba (12:13)

Kuma Ronaldo ya fita da rauni tun kafin hutun rabin lokaci, Eder ne ya ci ƙwallon. A faɗi gaskiya.

Kocin Yara Agege (Litinin, 7:10 na safe)

Malam ya zo jiya kamar yadda ya ce, sun daɗe da kawun a zaure, Allah ya saka. Ni kuma na tara yaran da yamma na faɗi sharaɗi: atisaye biyar kafin Asabar, wanda ya rasa ɗaya ba ya cikin jeri, ko wane ne. Ga abin da na gani yau.

Ya zo tun rana ba ta fito ba,
Bai gaishe ni ba, ban kira shi ba,
Zagaye goma ya yi, bai tsaya ba,
Sunan Asabar ban rubuta ba.

Saura huɗu. Bai nemi gafarar mai tsaron gida ba tukuna, kuma mai jakar nan ya sake kiran kawun a waya daren jiya. Wasan ƙarfe huɗu na yamma ne. Yaya Hajiya, Mahauci, Ɗan Mil 12, duk wanda zai iya ketowa Agege ranar Asabar ya zo, zan ajiye muku benci a inuwa.